Tsarin Kiyaye Daji da Fadama a Ƙasar Sabon Birni da Isa a Zamanin Sauyin Yanayi

1.0 Gabatarwa

Kusan duk wani tsari da aka taɓa yi na kiyaye daji a ƙasarmu, tun daga zamanin Turawa har zuwa ƙarshen ƙarnin da ya gabata, an gina shi ne bisa zato guda, wato cewa damina za ta ci gaba da zuwa kamar yadda aka saba, gulbi kuma zai ci gaba da cika da janyewa a lokutan da aka san shi da su. Bisa wannan zato, aikin mai kiyaye daji shi ne ya shata iyaka, ya kafa turaku, ya sa mai gadi. Idan aka hana gatari da wuta shiga, to abin da ke cikin iyakar zai tsira.

A yau wannan zato ya rushe. Iyakar gandun daji tana nan inda aka shata ta, amma ruwan sama da zafin da itatuwan cikinta suka dogara da su sun sauya. Manufata a wannan maƙala ita ce in bayyana wa malaman makaranta da dattawanmu abin da ake nufi da daidaita tsarin kiyaye muhalli da sauyin yanayi, tare da ɗaukar ƙasar Sabon Birni da Isa a matsayin misali. Da na ce muhalli, ina nufin itatuwa da ciyayi da tafkuna da fadamu da tsuntsaye da kifaye, da kuma ƙasar da ke ɗauke da su. Da na ce tsari kuwa, ina nufin shawarar da al'umma da hukuma suka yanke a kan abin da za a tsare, da inda za a tsare shi, da wanda zai tsare shi.

2.0 Ƙasar da Ruwayenta

Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suna arewa maso gabashin Jihar Sakkwato. Sabon Birni ta yi iyaka da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, Isa kuma ta yi iyaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara. A ƙidayar 2006 an sami sama da mutum 200,000 a Sabon Birni, da sama da 140,000 a Isa, kuma mafi yawansu manoma ne da makiyaya da masunta. Ruwan da ake samu a shekara yakan kama daga milimita 500 zuwa 700, kusan dukkansa tsakanin watan Yuni da Satumba.

Arzikin wannan ƙasa yana cikin kwarin Gulbin Rima. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna gangarowa daga ƙasashen Katsina da Zamfara su bi ta wajejen Isa. Gulbin Maraɗi kuwa yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake dawowa Nijeriya ya zuba a Rima a ƙasar Sabon Birni. Daga nan Rima ta nufi Goronyo da Wurno da Sakkwato. Mai karatu zai lura cewa ruwan da manomin albasa ke ban ruwa da shi a fadamar Sabon Birni, yawancinsa a wata jiha ko a wata ƙasa ya sauka.

Wannan kwari ne ya jawo Gobirawa. Tarihi ya nuna sun taso daga Azbin, suka zauna a Birnin Lalle, sannan a tsakiyar ƙarni na 18, a zamanin Sarkin Gobir Babari, suka ci Zamfara suka gina Alƙalawa a bakin Rima. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, aka kafa Tsibiri a kwarin Gulbin Maraɗi, daga baya kuma wajen 1860 Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ta bunƙasa a matsayin garin ribaɗi na Daular Sakkwato. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka raba ƙasar Gobir gida biyu, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni ta faɗa hannun Ingila. An raba mulki, amma gulbi ɗaya ne har gobe.

3.0 Tsare-tsaren da Muka Gada

3.1 Tsarin Gargajiya

Kafin zuwan Turawa, kakanninmu suna da nasu tsari. Akwai hurumi, wato filin da ba a nomawa a kewayen gari. Akwai burtali da dabbobi ke bi tsakanin gonaki, da makiyaya, da mashaya. Akwai Sarkin Ruwa da ke hana kamun kifi a tafki har sai ranar su ta zo, lokacin da kifi ya riga ya hayayyafa ya girma. Manomi kuma ba ya sare gawo ko tsamiya ko kuka a gonarsa. A Damagaram ma sarakuna sun sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo. Malaman jihadi sun ƙarfafa wannan tsari da hukunce-hukuncen shari'a. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan mallakar ƙasa da rayar da matacciyar ƙasa da keɓe filaye don amfanin jama'a.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, wannan tsari yana da sassauci. Ranar su ba ta da tsayayyen kwanan wata. Sarkin Ruwa yakan dubi ruwa ne kafin ya sa rana. Haka nan ranar sakin gonaki ga dabbobi bayan kaka takan biyo bayan yadda daminar ta kasance.

3.2 Tsarin Turawa

Turawa sun zo da dokokin daji na 1916 da 1937, waɗanda a ƙarƙashinsu En'e ta keɓe gandayen daji ta auna su ta sa a taswira. Dajin Gundumi, wanda matafiyi ke ratsawa a hanyar Isa zuwa Sakkwato, shi ne babban misali a wannan yanki. Tun a lokacin an fara maganar gurgusowar hamada. A 1935 wani masanin daji Bature mai suna Stebbing ya yi gargaɗin cewa Sahara na tahowa kudu, ya ba da shawarar a dasa katangar itatuwa a kan iyaka. Sai Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya zagaya iyakar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga alamar hamada na tahowa gaba ɗaya ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa a wurare daban-daban saboda sassabe da gobara.

Dokokin Turawa sun kuma kawo wani abu da ya daɗe yana cutar da mu. Sun mayar da wasu itatuwa mallakar hukuma ko da a gonar mutum suke, ta yadda sai da izinin malamin daji za a taɓa su. Manomi ya ga cewa icen da ya bari zai iya jawo masa tara, saboda haka ya gwammace ya kashe shi tun yana tsiro.

3.3 Bayan Mulkin Kai

A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Bayan farin shekarun 1970, Gwamnatin Tarayya ta ɓullo da shirin dashen itatuwa a jihohin da ke bakin hamada, aka dasa layukan kare iska, galibi na dogon yaro da turare. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, Nijeriya kuma ta kafa hukumar shirin a 2015, Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa. Dukkan waɗannan sun yi amfani gwargwado. Sai dai an fi auna nasararsu da yawan dashen da aka raba, alhali abin da ya kamata a ƙirga shi ne yawan waɗanda suka rayu bayan rani uku.

4.0 Yadda Yanayi ya Sauya

Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Dattawa sun ji labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da yawansu kuma sun ga farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 da idonsu. Ma'aunan ruwa sun nuna cewa daga 1970 zuwa 1990 ruwan sama a yankin Sahel ya ragu da kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 idan aka kwatanta da shekarun 1950 da 1960. Ma'anar wannan ita ce, irin daminar da aka saba gani a wani gari ta koma kudu da shi da fiye da kilomita 100. Wato har tsawon shekara ashirin, itatuwan Sabon Birni suna rayuwa ne da ruwan da a da ake samu can arewa da Maraɗi.

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, amma da wata kama. Yanzu yakan sauko da yawa a lokaci guda, sannan ya ɗauke na kwanaki a tsakiyar damina. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, ya gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Zafi ma ya ƙaru. A watan Afrilu na 2024 ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Masana sun tabbatar cewa babban dalilin ƙaruwar zafin duniya shi ne hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da iskar gas da ake ƙonawa, mafi yawa a ƙasashe masu masana'antu.

Madatsar ruwa ta Goronyo ta ishe mu misali. An kammala ta a 1984, an gina ta don ta ɗauki ruwa kubik mita miliyan 942. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a kwarin Rima, har ta karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shekara takwas bayan haka, a 2018, ruwan madatsar ya ja baya har ya rage kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka. Duk tsarin da za a yi yanzu, dole ya yi tanadin shekara irin 2010 da shekara irin 2018 a lokaci guda.

Malamanmu na lissafin taurari sun san cewa taurarin shekara 28 ne, kowane yana kwana 13, in ban da guda mai kwana 14. Lissafin nan yana nan daram, taurarin damina suna fitowa a kan lokacinsu. Ruwan da aka san kowane tauraro da shi ne ya daina cika alkawari kamar da.

5.0 Inda Tsohon Tsari ya Gaza

Na farko, iyaka ba ta hana ice mutuwa da ƙishirwa. Wani bincike da aka buga a 2012 a kan wurare da dama na Sahel ya nuna cewa tsakanin 1954 da 2002 kimanin ice ɗaya cikin shida ya mutu, kuma a wuraren da aka duba kimanin iri ɗaya cikin biyar na itatuwa ya ɓace. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu son ruwa, irin su ɗorawa da kaɗanya da ɗinya da kanya da marke da kirya. Masu jure fari, irin su aduwa da sabara da anza da magarya da tumfafiya, su ne ke maye gurbinsu. Ana iya samun gandun dajin da ba a sare ice ko ɗaya a cikinsa ba, amma ya rasa rabin irin itatuwan da aka keɓe shi dominsu.

Na biyu, tsohon tsari ya mayar da gandayen daji tamkar tsibirai a tsakiyar gonaki. Tsiro yana ƙaura ne ta hanyar iri, iri kuwa iska ce ke ɗaukarsa, ko ruwa, ko tsuntsu, ko cikin dabba. 'Ya'yan gawo da na bagaruwa sun fi saurin tsirowa idan sun bi ta cikin akuya ko saniya. Idan aka toshe burtali aka nome hurumi, an yanke hanyar garke, an kuma yanke hanyar da daji ke bi ya sabunta kansa.

Na uku, tsohon tsari ya kula da tudu ya manta da fadama, alhali fadama ce mafakar kowane mai rai a shekarar fari. A nan ake samun giyayya da goriba da burgu da roba, a nan gauraka da ɗinya da kirinjijiya ke sauka, a nan gaiwa ke kwanciya cikin laka har ruwa ya dawo. Wannan fadama kuwa tana rayuwa ne da malalar gulbi ta kowace shekara. Madatsar Zobe da aka kammala a 1983 a ƙasar Dutsin-ma, da ta Jibiya ta farkon shekarun 1990, sun sauya lokaci da yawan ruwan da ke gangarowa. Shirin Fadama da ya fara a 1993 ya yaɗa rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa, abin da ya ƙara wa manoma arziki ƙwarai, amma ya ƙara yawan ruwan da ake zuƙa daga ƙarƙashin ƙasa. Goriba da gawo da ruwan ƙarƙashin ƙasa suke sha. Idan ya yi nisa, su ne farkon masu nunawa.

6.0 Darasi daga Maraɗi

'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka sun riga mu gwada wata hanya. A 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya daɗe yana dashe a ƙasar Maraɗi dashen yana mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, waɗanda saiwoyinsu suka riga suka yi nisa a ƙasa. Maimakon a sassabe duka, sai a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafiya ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a riƙa yi musu aski kowace shekara. Cikin shekara uku zuwa huɗu sai ga ice tsaye. Manoman Nijar suna kiran wannan dabara sassabin zamani, kodayake tsofaffin manoma sun san irinta tun da.

Bayan yunwar 1984 dabarar ta yaɗu daga gona zuwa gona. Binciken da aka yi da hotunan sama a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewayensu, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa gawo da sabara da kalgo da aduwa. Abin da ya ba dabarar ƙarfi shi ne manomi ya sami tabbacin cewa icen nasa ne. Hukumomin Nijar sun sassauta riƙon da suke yi wa itatuwan gona, suka sabunta dokar daji a 2004, sannan a 2020 aka fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itatuwan da ya raina.

Dalilin da ya sa wannan dabara ta dace da sauyin yanayi a fili yake. Kututturen da ya tsallake farin 1973 da na 1984 ya riga ya ci jarrabawa, dashen da aka ɗauko daga gidan raino kuwa bai taɓa ganin rani ba. Gawo kuma yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki. Da rani kuma ya yi kore, dabbobi su sami inuwa da 'ya'yansa. Ƙasar Gidan Rumji da ta Sabon Birni iri ɗaya ce, mutanen dangin juna ne, harshe ɗaya, kasuwanni ɗaya. Abin da ya yiwu can babu abin da zai hana shi yiwuwa nan.

7.0 Abubuwan da Sabon Tsari zai Ƙunsa

A ganina, tsarin da zai dace da ƙasar Sabon Birni da Isa ya kamata ya tsaya a kan abubuwa shida.

Na ɗaya, a ɗauki gona a matsayin wurin kiyaye daji. Mafi yawan ƙasar nan gonaki ce, saboda haka mafi yawan itatuwan da za su rayu a gona za su rayu. Wannan yana buƙatar hukuma ta bayyana a rubuce cewa icen da manomi ya raina nasa ne, yana da ikon yi masa aski da amfana da shi.

Na biyu, a fifita mafaka. Tafkunan da ba su ƙafewa da wuri, da gaɓar gulbi, da kwazazzabai masu laima, su ne wuraren da ɗorawa da kanya da ɗinya za su iya daɗewa ko da tudu ya gagare su. A bar tazara tsakanin gona da bakin gulbi, a dasa gamba da jema don su riƙe gaɓa. Ƙasar da ruwa ya zaizaye a Isa da Sabon Birni, a cikin madatsar Goronyo take kwantawa ta rage mata zurfi.

Na uku, a buɗe hanyoyi. A sake gano burtalai da mashaya, a sa musu alama, a haɗa su da gandayen daji da makiyaya. Wannan zai rage rikicin manomi da makiyayi, ya kuma ba iri hanyar tafiya.

Na huɗu, a zaɓi iri da tunanin gobe. Icen da aka dasa bana zai rayu a yanayin shekara 40 ko 50 masu zuwa. Ya dace gidajen rainon itatuwa su haɗa irin gida da irin da aka tsinto daga wuraren da suka fi mu fari, kamar ƙasar Dakwaro da Tawa, su kuma rage dogaro da ice iri ɗaya. Manoma sun riga sun yi haka da hatsi, inda da yawa suka rage maiwa suka koma ga gero mai saurin nuna irin Sosat.

Na biyar, a tare ruwa inda ya sauka. Tun da ruwan yanzu da ƙarfi yake zuwa, a faƙo da dabagi sai ya gudu bai shiga ƙasa ba. Ramukan tassa, da ginan rabin wata, da jera duwatsu a kan gangare, dabaru ne da aka gwada a ƙasar Tawa suka farfaɗo da filayen da aka fid da rai da su. Suna rage ambaliya a ƙasa, suna ƙara ruwan rijiya.

Na shida, a sa wa tsarin lokacin bita. Masu kula da gandayen daji a Amurka sun fito da wata hanya a 'yan shekarun nan, inda a kowane wuri ake zaɓar ɗaya cikin uku: a dage a tsare abin da ke nan, ko a karɓi sauyin da ya zo, ko a juya akalarsa zuwa inda zai yi amfani. Alal misali, a dage a kan kurmin goriba na bakin gulbi, a karɓi aduwa da sabara a tudun da marke ya ƙare, a juya faƙo ya zama makiyaya ta hanyar rabin wata. Bayan kowace shekara biyar a zauna a duba ko zaɓin yana nan daidai.

Sama da duk waɗannan akwai maganar ruwan da muke tarayya da maƙwabta. Hukumar haɗin gwiwar Nijeriya da Nijar tana nan tun 1971, kuma a 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan da suka haɗa, Gulbin Maraɗi na ciki. Ya kamata duk lokacin da ake lissafin sakin ruwa daga madatsu, a sa rabon fadama da tafkuna a ciki, kamar yadda ake sa rabon birane da gonakin rani.

8.0 Matsalar Tsaro

Ba zai yiwu a yi maganar daji a wannan yanki a tsallake halin da ake ciki ba. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Sabon Birni da Isa, dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa ƙasar Maraɗi da cikin garuruwa, a watan Agusta na 2024 kuma aka rasa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannunsu. Dajin da aka keɓe don amfanin jama'a ya zama wurin da jama'a ke tsoro. Wasu har suna ganin mafita ita ce a share dazuzzukan baki ɗaya.

Ni ban ga haka ba. Sauyin yanayi bai ɗora wa kowa bindiga ba, matsalar tana da dalilai da yawa da suka haɗa da rashin adalci da talauci da yaɗuwar makamai. Amma ƙuncin makiyaya da toshewar burtalai suna cikin abubuwan da suka ɓata tsakanin manomi da makiyayi tun farko. Dajin da ba mai shiga, ba mai amfana da shi, ba hukumar da ke leƙa shi, shi ne ke zama maɓoya. Idan aka share shi kuma, iska da rairayi za su gaje shi. Kafin zaman lafiya ya dawo, aikin da za a iya yi shi ne na gonakin kusa da gari da filayen makarantu. Idan ya dawo kuma, rabon makiyaya da mashaya zai kasance cikin abubuwan da za su tabbatar da shi ko su warware shi.

9.0 Aikin Malamai da Dattawa

Tsari mai bita yana buƙatar bayanai, bayanan kuwa a hannunku suke. Ina roƙon kowace makaranta ta ajiye littafi guda. A rubuta ranar ruwan shuka, da ranar ruwan ƙarshe, da kwanakin da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, da ranar da aka fara ganin shamuwa, da ranar da tafkin gari ya ƙafe. Ma'aunin ruwan sama ba shi da tsada, ɗalibin aji biyar zai iya karanta shi. Sau biyu a shekara, a watan Mayu da Oktoba, a auna gaba nawa ake samun ruwa a rijiyar gari. Bayan shekara goma wannan littafi zai gaya wa gari abin da babu wani ofishi da zai iya gaya masa.

Dattawa kuma su ne taswirar da ba a rubuta ba. Su suka san inda burtali ya bi kafin a nome shi, da iyakar hurumi, da itatuwan da ke wuri kaza a zamanin ƙuruciyarsu. Sunayen garuruwa ma shaida ne, kamar Kalgo da Unguwar Lalle a ƙasar Sabon Birni. Malami ya tura ɗalibansa su zauna da kakanninsu su rubuto sunayen itatuwa da ciyayi da kifayen da aka sani a da, a ware waɗanda suke nan da waɗanda suka yi wuya da waɗanda suka ɓace. Daga wannan jeri ne za a san uwayen itatuwan da suka rage, a tsare su don iri. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

10.0 Kammalawa

Na yi ƙoƙarin nuna cewa tsarin shata iyaka da sa mai gadi an yi shi ne don yanayin da ba ya motsi, alhali yanayin Sabon Birni da Isa ya motsa, yana kuma kan motsawa tsakanin fari da ambaliya. Abin da ya kamata a tsare yanzu shi ne hanyoyin da ƙasa ke bi ta farfaɗo: kututture a gona, malalar gulbi a fadama, burtali tsakanin makiyaya, da uwar ice mai ba da iri. Akwai dokar sauyin yanayi ta ƙasa ta 2021, akwai kuma shirin farfaɗo da ƙasa na jihohin Arewa 19 da Abuja wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021. Kuɗi da doka za su yi aiki ne idan sun tarar da al'ummar da ta san abin da take so a tsare mata. Saboda haka ina kira ga hakimai da dagatai da sarakunan noma da na ruwa da arɗo-arɗo da shugabannin makarantu su fara da abin da ke hannunsu kafin damina mai zuwa: kowane gari ya rubuta burtalansa da tafkunansa da uwayen itatuwansa, kowane manomi kuma ya bar kututture goma a gonarsa ranar sassabe. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir.